Rufe wa Ɗaliban Jinya Ilimin Maganin Barci Ba Zai Tsare Tsofaffinmu Ba

Wani ɗan'uwa marubuci ya yi rubutu kwanakin baya yana kira ga makarantun koyon aikin jinya da su rage abin da suke koya wa ɗalibai game da magungunan sa barci da kwantar da hankali, musamman yadda ake ba tsofaffi. Rubutun ya shiga hannun jama'a, har a majalisunmu na Ƙofar Kaura na ji dattawa suna sa masa albarka. Na yi shekaru ina aikin jinya, ina kuma koyar da masu tasowa, don haka shiru bai kama ni ba.

Zan faɗi hujjojinsa yadda shi kansa zai yarda cewa nasa ne. Malam yana ganin likita ne ke rubuta magani, aikin nas shi ne ya ba da abin da aka rubuta, kuma cusa wa ɗalibi zurfin ilimin ƙwayoyi yana sa shi girman kai ya riƙa yi wa likita gardama. Yana ganin a garin da shaye-shaye ya addabi matasa, koya wa yaro ɗan shekara 19 sirrin waɗannan magunguna buɗe ƙofar ɓarna ne, ko ya sha, ko ya sata ya sayar, ko ya riƙa bi gida-gida yana allura. Ya ce tsofaffinmu kaɗan ne, abin da ke kashe mu haihuwa ce da cututtukan yara, a can ya kamata lokacin karatu ya tafi. Ya rufe da cewa ƙa'idojin da ake ta kawowa an yi su ne don gidajen ajiye tsofaffi na Turai, mu kuwa 'ya'ya ke jinyar iyayensu, kuma tsohon da ya rikice in aka sa shi barci rahama aka yi masa, da shi da iyalinsa.

Tsoronsa kan shaye-shaye gaskiya ne, ni ma ina da shi. Amma maganin da ya kawo zai faɗa ne a kan wanda ba shi da bakin kare kansa.

Mu fara da batun likita, domin a kansa sauran suka jingina. Malam, ka taɓa buɗe foldar mara lafiya ka ga yadda ake rubuta maganin barci? Sau da yawa likita yakan rubuta sunan maganin da awonsa, sannan ya ƙara da cewa a bayar in buƙata ta taso. Ya rubuta da hantsi lokacin zagaye, ya wuce wani ɗakin. To da ƙarfe biyu na dare wa zai yanke hukuncin cewa buƙatar ta taso? Wa zai ce wannan tashin hankalin na allura ne, wancan kuwa alamar wani ciwo ne da allura za ta rufe? Nas ne. Takardar da kanta ta miƙa masa hukuncin. Kana so mu ɗora wa mutum hukunci mu kuma hana shi ilimin da zai yi hukuncin da shi?

Kuma likitan nan da ake ta kira, ina yake? A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar, waɗanda ke da lasisi a ƙasar ba su wuce kimanin 55,000 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Yawancinsu kuma suna manyan birane. A cikin birnin Katsina muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibiti, ana iya ɗaga waya a kira wani. Ɗalibar da muka yaye ba lallai a nan za ta zauna ba. Za a tura ta inda ita ce babba a daren, ita da mai gadi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da idona ya gani a wani ɗakin maza, a wani dare na bazara. An kwantar da wani dattijo da ya haura saba'in saboda zazzaɓi. Da rana lafiya lau yake gaisawa da mutane. Da dare ya raba sai ya birkice: ya fizge robar ƙarin ruwa, yana kiran matarsa da ta daɗe da rasuwa, yana cewa a buɗe masa ƙofa zai tafi gona. Ɗansa ya riƙe shi, gumi na zuba, ya dubi ƙaramar nas ya ce, "Sista, don girman Allah a yi wa Baba allurar barci, ya huta mu ma mu huta." A folda kuwa akwai izini a rubuce. Yarinyar ta nufi kabad. Babbar sista da ke wurin ta ce ta dakata. Ta zo ta durƙusa gefen gadon, ta ce, "Baba, sannu. Ni ce mai kula da kai." Ta ɗora hannu a ƙasan cibiyarsa, ta ji mara ta taso ta yi tauri kamar an kife ƙwarya. Ta juya ga ɗan: "Malam, yaushe rabonsa da fitsari?" Ya yi shiru, ya ce tun da asuba. Ta ce, "Wane magani yake sha a gida?" Ya ciro leda, ga ƙwayar mura irin ta Piriton da aka saya a kemis. Wannan ƙwaya tana iya ɗaure fitsarin tsohon da dama maƙogwaron mafitsararsa ya matse saboda tsufa, tana kuma ruɗa ƙwaƙwalwa. Aka sa masa robar fitsari, jaka ta cika, aka sanar da likita. Kafin a gama gyara shimfiɗa dattijo ya yi barci da kansa. Da safe ya nemi ruwan alwala.

Da an yi allurar, da ɗakin ya yi tsit, da kowa ya ce an yi aiki. Fitsarin kuwa yana nan yana komawa yana danne ƙoda. Abin da ya raba sistocin nan biyu ba tausayi ba ne, dukkansu suna da shi. Ɗaya an koya mata cewa tsohon da ya rikice farat ɗaya, jiya lafiya yau ba lafiya, ba tsufa ne ya same shi cikin dare ɗaya ba. Jikinsa ne ke ƙorafi: ko fitsari ya tsaya, ko sukari ya faɗi, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon haƙarƙari, ko ƙishirwar watan Afrilu ta busar da shi, ko bayan gida ya ƙi fita kwana da kwanaki, ko ciwo yake ji ya kasa faɗa. Wannan shi ne darasi na farko a ajin da Malam yake so a rufe, kuma darasi ne na ajiye sirinji.

Sai abin da maganin ke yi in ya shiga jikin tsoho, wanda ba a gane shi da ido. Ɗauki diazepam, wanda kamfanin Roche ya fito da shi a 1963 da sunan Valium, kuma har yau da wuya ka shiga asibiti a ƙasar nan ka rasa shi. A 1975 Klotz da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya auna tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin rabin maganin ya fita. A jikin ɗan shekara 20 wajen awa 20 ne. Yana ƙaruwa da kusan awa ɗaya a kowace shekara, har ya kai wajen awa 90 a jikin ɗan shekara 80. Kusan kwana huɗu ke nan, kuma rabi kawai ya fita. Dalili kuwa, jikin tsoho ruwansa ya ragu, kason kitsensa ya ƙaru, maganin yana maƙalewa a kitse. Hanta ta rage sauri. Abin da hantar ke mayar da maganin shi ma yana sa barci, ya fi ma daɗewa. Ƙwaƙwalwar kuma ta fi saurin jin sa. Idan aka ba Iya ƙwaya ɗaya daren Litinin, aka ƙara daren Talata, aka ƙara daren Laraba, na farkon bai tafi ba na biyu ya hau kansa. Ranar Alhamis sai a ga ba ta iya riƙe kofi, tana sarƙewa da koko, kokon ya gangara huhu ya zama ciwon haƙarƙari. Ko ta tashi cikin dare za ta kewaya, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, ta faɗi, ƙashin ƙugu ya karye. Duk wanda ya yi jinyar tsohuwa mai karayar ƙugu ya san da yawansu ba sa sake takawa. A gida kuma sai a ce jiki ne ya yi tsanani, a ce lokaci ne. Babu wanda zai tuna da 'yar ƙaramar ƙwayar.

Kowane awo a nan yana iya zama daidai a takarda, wanda likita ya rubuta da kyakkyawar niyya. Mai iya ganin cewa Iya ta fi jiya nauyin ido shi ne wanda ke ɗaga ta, yake ba ta abinci, yake ƙirga numfashinta. Idan bai san abin da yake kallo ba, me zai gaya wa likita da safe? Zai ce ta kwana lafiya.

Malam ya kira tambayar likita girman kai. Ina roƙonsa ya nemi labarin asibitin Gosport da ke kudancin Ingila. Kwamitin da Bishop James Jones ya shugabanta ya fitar da rahoto a watan Yuni na 2018, ya gano cewa an gajarta rayuwar mutum 456, akasarinsu tsofaffi, ta hanyar ba su magunguna masu ƙarfi na kashe raɗaɗi ba tare da dalilin asibiti ba, sau da yawa haɗe da maganin sa barci na midazolam. Ya ce mai yiwuwa akwai wasu 200 da takardunsu suka ɓata. An yi wannan tun daga ƙarshen shekarun 1980 har wajen 2000. Komai a rubuce yake, da sa hannun likita. Su wa suka fara ɗaga murya? Ma'aikatan jinya ne, tun a 1991. Suna da ilimin da ya sa suka gane ana yin abin da bai dace ba. Aka yi zama da su, aka rufe maganar, mutane suka ci gaba da mutuwa shekara da shekaru. Abin da ya kashe mutanen Gosport ba nas mai yawan tambaya ba ne. Rashin sauraronsa ne. Nas ɗin da Malam yake so mu yaye, mai miƙa abin da aka rubuta ba tare da sanin mene ne ba, ko wannan ƙorafin na 1991 ba zai iya yi ba.

Likitan kirki kuma ba ya jin haushin a kira shi a ce, "Dakta, Baban gado na shida yana shan tiramol saboda gwiwa, ga kuma diazepam an rubuta, numfashinsa ya yi ƙasa, a sake dubawa." Haɗa waɗannan iri biyu yana iya tsayar da numfashi, shi ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa su a 2016. Wannan kiran waya ya ceci mara lafiya, ya kuma ceci lasisin likitan.

Mu zo kan shaye-shaye, inda Malam ya fi samun masu gyaɗa kai. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya, a rahotonsa na 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, wajen 481,000 daga cikinsu masu shan ƙwayoyin barci da kwantar da hankali ne. A watan Mayun 2018 aka hana maganin tari mai kodin. Ba wanda ke musun girman bala'in. Amma Malam, nawa ne cikinsu suka koyi sha a ajin koyon jinya? Ka bi daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, ka tambayi yaran da ba su gama firamare ba mene ne D5, mene ne roci, mene ne Exol. Za su ba ka amsa har da farashi. Sunan ƙwaya da daɗin mayenta ba sirri ba ne, suna kan titi. Abin da babu a titi shi ne sanin haɗarinta da sanin amanarta, kuma su ne ake koyarwa a aji: kabad mai makulli, littafin da ake rubuta kowace kwalba da sunan wanda aka yi wa, ƙirga abin da ya rage a gaban mai karɓar aiki, sa hannun mutum biyu, zubar da ragowa a gaban shaida. Ɗalibin da aka hana wannan darasi zai isa ɗakin marasa lafiya duk da haka, a miƙa masa makullin kabad ɗin duk da haka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Masu bi gida-gida suna allura kuwa, akwai su, na kuma sha karɓar tsofaffin da aka kawo ba sa motsi bayan irin wannan allura. Maganinsu aikin Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ne da Majalisar Harhaɗa Magunguna da NDLEA: a kama wanda ba shi da lasisi, a ƙwace na wanda ya ci amana, a hana mai kemis sayar da abin da dokar sana'arsa ba ta ba shi ba. Mai irin wannan allura ƙarancin sani ne ke ba shi ƙarfin hali. Wanda ya taɓa tsayawa kan tsoho yana kallon numfashinsa na raguwa, yana matsa masa jakar iska da hannu, ba ya ɗaukar sirinji ya shiga gidan mutane da dare.

Batun cewa tsofaffinmu kaɗan ne ba zai ja mu da nisa ba. 'Yan shekara 60 zuwa sama kusan kashi 5 cikin 100 ne na mutanen Najeriya, wato wajen mutum miliyan 10. Ka leƙa ɗakin maza ko na mata a kowane babban asibiti ka ga su wa hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki suka kwantar. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. Tun da ƙwararrun likitocin tsofaffi ba su isa ko'ina ba, ilimin dole ya zauna a kan nas na yau da kullum. Ba kuma a rage wa makarantar ungozoma ta Malumfashi ko awa ɗaya ba don an koya wa wani yadda zai kula da kakarsa.

Hujjar ƙarshe ita ta fi taɓa ni. Gaskiya ne jerin magungunan da ya kamata a guje wa ba tsofaffi, wanda likita Mark Beers ya fara fitarwa a Amurka a 1991, an fara yin sa ne don gidajen kula da tsofaffi. Amma hantar tsohuwar Katsina da ta tsohuwar Landan aiki ɗaya suke yi, tsufa ɗaya ke rage musu sauri. Kasancewar mu ke jinyar iyayenmu a gida ma shi ya ƙara wa ilimin nas nauyi. A can akwai ma'aikaci mai duba takarda kowane dare. A nan leda ake miƙa wa suruka ko jika a ce ɗaya da dare. Idan nas bai zaunar da ita kafin sallama ya ce mata, "Hajiya, in kin ga tana wuni tana gyangyaɗi ko tana tangaɗi, kada ki ƙara, ki dawo da ita. Kada ki haɗa mata da maganin mura. In ta daɗe tana sha kuma kada ki yanke mata rana ɗaya, tana iya jijjiga," wa zai faɗa mata?

Rahama kuma, Malam, ga wa? Ban raina gajiyar mai jinya ba. Na ga 'ya'ya mata da suka yi mako ba su runtsa ba, kuma haƙƙinsu ne a taimake su. Amma tsohon da aka danne da allura ya wuni ya kwana bai san inda yake ba, salloli suna wuce shi, bai sha ruwa ba, bayansa ya fara gyambo, ɗansa ya taso daga Legas ya zo ya koma bai gane shi ba, yana da bashin da yake so ya faɗa da wasiyyar da yake so ya bari. Wa ya tambaye shi ko ya yarda a karɓe masa waɗannan kwanaki? Hatta magungunan taɓin hankali irin haloperidol da Largactil, da ake yawan juyawa gare su in tsoho ya ƙi kwanciya, an tabbatar suna ƙara haɗarin mutuwa ga masu ciwon mantuwa. Rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta mutuwar ƙarin mutum 1,800 a shekara a Birtaniya saboda su.

Ban ce a kulle maganin barci a jefar da makulli ba. Tsohon da ke jijjiga yana buƙatarsa nan take. Mai tetanus yana buƙatarsa. Wanda za a yi wa aiki, da wanda firgici ya kai yana shirin ji wa kansa ko wani ciwo bayan an gwada komai, da wanda ke gargara cikin wahala, duk suna da haƙƙi a kai, kuma hana su zalunci ne. Nas ɗin da ba a koya wa ba yakan yi ɗayan biyu: ya bayar a makance, ko tsoro ya sa ya hana mai buƙata.

Matsayina shi ne a ƙara wannan darasi, a kuma fitar da shi daga allo zuwa gefen gado. Ɗalibi ya fara da neman dalili: ya auna sukari, ya taɓa mara, ya duba zafin jiki, ya zazzage ledar magungunan gida. Ya gwada abin da ba magani ba, ya kunna fitila, ya miƙa wa Baba tabaransa, ya zaunar da wanda ya sani kusa da shi, ya gaya masa ranar da ake ciki da sallar da aka yi. In dole sai an bayar, ya san awon tsoho rabin na babba ne ko ƙasa, ya san allurar jijiya a hankali ake tura ta, ya tabbatar iskar oksijin da jakar numfashi suna kusa kafin ya buɗe kwalba. Ya karanta sunan da ke jikin kwalbar da bakinsa. A Nashville ta Amurka, a Disambar 2017, wata tsohuwa mai shekara 75 ta rasu saboda nas ta ɗauko vecuronium mai shanye jiki a madadin Versed mai kwantar da hankali, ta yi allurar ta tafi ba ta tsaya ta duba ta ba. Don haka ɗalibi ya zauna bayan allura, ya ƙirga numfashi na minti cikakke, ya kira sunan mara lafiya ya ga ko zai buɗe ido, ya rubuta.

Ga shugabannin makarantunmu na jinya da na kimiyyar lafiya a Katsina da Kankiya da Daura, akwai abin da littafi ba zai yi ba. A riƙa tsayar da ɗalibi a aji, malami ya zama babban likita mai sauri, wani ya zama ɗan mara lafiya mai faɗa, ɗalibin ya koyi cewa "a dakata tukuna" cikin ladabi, ya kawo dalilinsa da alƙaluman da ya auna. A maimaita har muryarsa ta daina rawa. Ranar da ya faɗi haka a ɗakin marasa lafiya na gaske kuma, babbar sista ta tsaya a bayansa, ko da daga baya ya zamana likitan ne ke da gaskiya.